Kyaftin Roscoe da Amalanke Mai Ruwan Toka

Wata takwas kacal Roscoe Dellinger ya yi da tarewa a garin Fenner, amma in ka ji shi yana ba da labarin gundumar Lancaster sai ka rantse shi ya auna gonakinta da igiya. Shekara talatin ya yi yana sayar da katifa a Filadelfiya. Da ya yi ritaya ya sayi gida a bakin gari, ya sayi wani keke mara nauyi da yake ɗagawa da yatsa biyu a gaban duk wanda ya tsaya, ya shiga ƙungiyar masu hawan keke, kuma tun makon farko ya nemi a riƙa kiransa Kyaftin. Ba wanda ya san kyaftin ɗin mene ne. Matarsa Lorraine ta ce ita ma tana jira a gaya mata.

Ƙungiyar tana da usur guda na azurfa. Mai usur shi ke zaɓen hanya, shi ke gaba, shi ke cewa a tsaya ko a tafi. Shekara goma sha tara usur ɗin yana wuyan Verna Brubaker, tsohuwar malamar firamare mai shekara saba'in da ɗaya, wadda ita ta koya wa rabin 'yan ƙungiyar rubuta sunansu. A kan wannan usur Roscoe ya ƙwallafa rai.

A taron wata, a ɗakin baya na gidan abincin da suke haɗuwa, ya miƙe ya gyara bel.

"Verna, ba raini ba, amma hanyoyinki sun tsufa. Kullum mu zagaya tafki, mu sha ayis-kirim, mu dawo. Ni zan shiga da ku gonakin Amish, Kiristocin nan masu keken doki da ba sa tuƙa mota, can ciki inda baƙi ba sa kaiwa. Mil talatin. A tsakiya mu ci abincin rana a gidan abokaina."

"Au, har abokai ka yi a cikinsu?" in ji Verna.

"Abokai? Ai ni na gida ne. Yarensu ma ina ji. In na shiga gona karnuka ba sa haushi."

Likita Pruitt, mai cire haƙori, wanda dama don tsayawar cin abinci ya shiga ƙungiyar, ya matso da kujerarsa. "Wane irin abinci, Kyaftin?"

"Kaza gasassa. Burodi daga tanda. Kek ɗin maɗi mai ɗumi, irin wanda in ka yanka yake bin wuƙa."

Verna ta cire usur ta ajiye a kan tebur. "Na ara maka na yini ɗaya. Mu ashirin da biyu ne har kai. In muka dawo nan kowa a kan kekensa, kowa da cikinsa a cike, usur ya zama naka. In ba haka ba ka maido shi da hannunka a gaban kowa, kuma mu huta da jin Kyaftin. Wace rana?"

"Lahadin makon sama. Ba manyan motoci a hanya."

Aka dubi juna. Likita Pruitt ya ce, "Amma ai su ranar Lahadi ba sa…"

"Wannan doka ta baƙi ce, likita. Na ce maka ni na gida ne."

Likita ya yarda, don cikinsa na son ya yarda. Verna ta kurɓi shayinta ta ce, "Lahadi. To, madalla."

Ran Talata Roscoe ya shiga mota ya tafi duba hanya. Bai ɗauki taswira ba, ya ce taswira ta mutanen da ba su da ido ce. Ɗan littafi ya riƙe yana rubuta alamu: bayan gada mai rufi, farar barga, a yi hagu. Bayan gonar masara, farar barga, a yi dama. Can sai ya ga abin da ya faranta masa rai, wani dogon amalanke mai ruwan toka, rufaffe kamar akwati, a ajiye a bakin wani gida. Duk yawonsa bai ga irinsa ba. Ga kuma rumfar sayar da kek a gefe. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: amalanke mai ruwan toka, nan ne abinci.

Matar gidan, Malinda Esh, tana jera kek a rumfa, da farar hula a kanta.

"Uwar gida, arziki ya zo miki har ƙofa," in ji Roscoe. "Lahadin makon sama zan kawo miki mutum ashirin da biyu."

Ta nuna masa allon da ke rataye a saman kansa, an rubuta ba ciniki ranar Lahadi.

Ya yi dariya ya kashe mata ido. "Shekara talatin ina ciniki. Ni ma a shagona akwai allon da ke cewa ba ragi."

"Ba ma nan ma ranar," ta ce.

"Haka nake so, riƙe wuta. Ki dai ƙara kaji."

Ya tafi yana yaba wa kansa iya hulɗa da mutanen karkara. Mil huɗu da barin wurin ya zo juya mota, ya zura ƙafafun baya a lambatu. Wani manomi mai jan gemu ya zo da alfadarai biyu ya ja shi waje. Roscoe ya tambayi sunansa, aka ce Gideon Glick. Kafin ya iso gida an riga an samu "aminina Gideon". Zancen lambatu kuwa bai iso gida ba.

To, ko ɗan firamare a Lancaster ya san amalanken nan. 'Yan Amish ba su da ginin coci. Ba kowace Lahadi suke sujada ba, yau a gidan wannan, nan da mako biyu a gidan wancan, bencinan zama kuma suna bin su a cikin wannan amalanke. An gama da gidan Malinda. Ran Alhamis dawakai suka ja amalanken zuwa gidan da ke bi, wato gidan Gideon Glick. Alamar Roscoe ta tashi ta yi tafiyar mil huɗu, shi yana gida yana goge usur da man goge haƙori.

Ranar Lahadi da ƙarfe takwas ya fito cikin riga ruwan ɗorawa mai sheƙi da wando ɗamamme, irin kayan da ba sa rufa wa tumbi asiri. Takalmansa na musamman ne, masu ƙarfe a ƙasa da ke maƙalewa a feda, in yana tafiya kana jin ƙwas ƙwas tun daga nesa. Tun jiya ya aika wa kowa saƙo kada a ɗauko guzuri, wai cin fuska ne ga masu masauki.

Lorraine ta leƙo ta tagar mota. "In bi ku a baya, ko da wani zai gaji?"

"Mutanena ba sa gajiya. Je ki tanadi kyamara, ki jira mu da ƙarfe uku."

Ya hau kan dakali ya yi jawabi. "Abu uku. Kada a wuce ni. Kada a ɗauki mutanen nan hoto, ba sa so, sai in ni na roƙa muku. Na uku, kashin doki. Ku kalli inda tayata ta bi, ku bi. Ni ina hango shi tun daga mil guda."

Bai yi mil biyu ba ya waiwayo yana nuna musu wani dogon rumbu, tayarsa ta shiga tsakiyar wani tuli mai ɗumi. Tayar baya ta ɗebo ta zana masa layi tun daga wando har ƙeya.

"Mu ma nan za mu bi, Kyaftin?" in ji Verna daga can baya.

"Nuna muku na yi yadda abin yake."

Jim kaɗan suka cim ma jerin kekunan doki, baƙaƙe da masu ruwan toka, sun fi goma, kowa ya ci kayan Lahadi, suna tafiya a natse. Roscoe ya ce su lura yadda ake gaisawa. Ya matsa kusa da na ƙarshe ya jefa kalmomi ukun yarensu da ya hardace a jikin wani tawul ɗin kicin. Tsohon da ke riƙe da linzami ya dube shi, ya dubi layin da ke bayansa, ya ce da Turanci, "Barka da asuba."

"Kun ji? Don ku ya juya harshe, kada ku ji an ware ku."

A mararraba keken dokin ya tsaya. Roscoe ma ya tsaya, amma takalmansa ba su samu labari ba, suna maƙale a feda. Ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya kwanta ta gefe a hankali, shi da keken gaba ɗaya, cikin ciyawa. Yara huɗu masu hular kaba suka leƙo ta tagar baya suna kallonsa, ba dariya ba magana, har keken dokin ya sha kwana.

Daga nan aka shiga aikin littafi. Bayan gada mai rufi, farar barga, a yi hagu. Suka fito daga gada suka tarar da fararen barga uku, ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ɗaya a gaba. Roscoe ya busa usur ya yi hagu. Bayan rabin awa ga gada mai rufi.

"Wannan gadar na yi kama da wata da na sani," in ji Verna.

"Kafinta ɗaya ne ya yi su duka."

Da suka shige ta karo na uku, Likita Pruitt ya nuna wata saniya a bakin shinge. "Kyaftin, ita ma saniyar kafinta ɗaya ne?"

Rana ta ɗaga. Duk rumfar da suka wuce a rufe take, tebur wayam, allo na lilo. Ba shanya a igiya, ba kowa a gona. Cikin Likita Pruitt ya fara magana da ƙarfi har na kusa da shi suna amsawa. Verna ta ciro ayaba daga aljihun baya, ta ɓare ta a tsanake.

"Na ce ba guzuri," in ji Roscoe.

"Magani ce. Likita ya rubuta min."

"Ba ni ba," in ji Pruitt, idonsa na kan ayabar.

Wajen sha ɗaya da kwata, an yi mil ashirin da shida a tafiyar da ya kamata a ce sha biyar ce, mutane sun fara zancen juyawa, Roscoe kansa ya fara jin usur na yi masa nauyi a wuya. Sai suka hau wani tudu, ga shi can ƙasa: dogon amalanke mai ruwan toka a gefen wata farar barga. A filin da ke kusa kekunan doki sun fi talatin a jere, an kwance dawakai.

Roscoe ya miƙe a kan feda. "Me na gaya muku? Mutum ashirin da biyu na ce mata, ta je ta gayyato unguwa guda don su tarbe mu."

"Roscoe," in ji Verna, "tsaya ka ji."

"Kyaftin."

"Kyaftin, tsaya ka ji."

"Hassada ba ta yi miki kyau, Verna."

Ya saki birki. Verna ta ɗaga hannu, ba usur ba komai, mutum ashirin suka tsaya a bayanta a ƙarƙashin bishiyar bakin hanya kamar 'yan aji biyu.

Shi kuwa ya gangara tudun da gudu, ya shiga harabar gidan, ya ga babbar ƙofar saman barga a buɗe, an share gangaren da ke kai wa gare ta tas. Ya ce a ransa har shara aka yi masa. Ya taka feda ya hau, usur a baki, ya shiga yana busawa iya ƙarfinsa.

Mutum ɗari da hamsin ne a ciki. Maza a gefe ɗaya cikin baƙaƙen kaya, mata a ɗaya gefen da fararen huluna, duk a kan benci, wani dattijo mai farin gemu a tsaye a tsakiya yana wa'azi. Roscoe ya damƙe birki, ya tuna da takalma, ya makara. Tayar gaba ta daki ginshiƙi ta naɗe kamar kunnen tulu, shi kuma ya zube a fili tsakanin maza da mata. Usur ya yi wani ɗan kuka na ƙarshe ya yi shiru.

Ba wanda ya motsa. Wata jaririya ta yi atishawa. Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, ya jira har ya kwance ƙafafunsa, sannan ya nuna gefen maza da hannu. Wasu masu gemu biyu suka matsa, suka buɗe masa wuri a tsakaninsu. Dattijo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ƙofa na nesa, takalma na ƙara. Roscoe ya zauna.

Minti hamsin ya yi a kan bencin da ba shi da majingina, cikin riga ruwan ɗorawa, yana sauraron yaren da ya ce yana ji. Wanda ke damansa ya shaƙi iska sau biyu, ya ɗan ja baya. Roscoe ya riƙa gyaɗa kai a wuraren da yake ganin sun dace. Da jama'a suka juya suka durƙusa, ya makara, takalminsa ya yi ƙwas. Da suka miƙe, shi yana durƙushe. Aka ɗauki waƙa mai jan kalma ɗaya har numfashi ya ƙare, ya buɗe baki yana rufewa.

Da aka tashi, Verna ta shigo harabar da mutanenta, kowa na tura kekensa, hular kwano a hannu. Ta nufi mai gidan kai tsaye.

"Gideon, ka yi haƙuri. Namu ne."

"Na san shi," in ji mai jan gemu.

Roscoe ya farfaɗo nan take. Ya dafa kafaɗarsa ya juyo ga ƙungiya. "Kun ji da kunnenku. Aminina Gideon."

"Alfadaraina sun fi ni saninsa," in ji Gideon. "Yaya motar? Ka wanke mata lakar lambatun?"

Likita Pruitt ya yi tari mai tsawo. Sai ga Malinda Esh ta fito daga cikin mata da tulin faranti.

"Ai kai ne mai mutum ashirin da biyu. Na ce maka ba ma nan."

"Amma ga amalankenki a waje."

"Na coci ne. Ya bar gidana tun ran Alhamis ta wancan makon. Gidana na can, mil huɗu, a kulle."

Wasu 'yan mata suka rufe baki da gefen mayafi. Gideon ya shafa gemu ya ce tunda an zo an zo, ba a barin gidan sujada da yunwa. Samari suka haɗa bencina suka mai da su tebura. Aka kawo burodi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai zaƙi, cuku, kokwamba mai tsami, kofi, da kek ɗin busasshiyar tuffa. Likita Pruitt ya ci har ya kwance zip ɗin riga. Roscoe ya zaro walat, Malinda ta dube shi sau ɗaya, ya mayar.

Da kofi ya shiga jikinsa, bakinsa ya dawo. Ya ƙwanƙwasa kofi da cokali. "Ina so a shaida. Na ce za a ci abinci a gidan abokaina. Ga gida, ga abinci. Likita, cikinka a cike yake ko kuwa?"

"A cike, Kyaftin," in ji Pruitt da baki cike.

"To, Verna?"

"Rabi ya tabbata," ta ce. "Saura kowa ya koma a kan kekensa."

Aka juya aka dubi keken Roscoe a jingine da ginshiƙi. Gideon ya ɗaga tayar ya juya ta a hannu.

"Zan iya miƙe ta. Aikin awa ɗaya ne."

"Ka ga amini. Fara mana."

"Gobe."

"Haba Gideon. Ara min guduma kawai, ni zan yi."

"Gudumar ma hutu take yi."

"To sayar min da wata taya."

"Lahadi ce. Kuma mu nan ba ma hawan mai feda." Ya shiga barga ya fito da abin da suke hawa, keken turi, mai taya biyu da ɗan faifan tsayawa a tsakiya, ba sirdi ba feda, sai kwando a gaba. "Na matata ne. Ka dawo da shi in ka zo ɗaukar naka."

Roscoe ya zagaya shi sau biyu. "Taya biyu, kan keke ɗaya. Keke ne. A shaida."

"Kekensa na ce," in ji Verna. "Wannan na matar Gideon ne. Amma in kana so ka zauna a nan har gobe, a shaida."

Mil goma sha ɗaya ne zuwa Fenner ta hanyar da Verna ta sani. Ita ta shige gaba ba wanda ya ce mata ta shiga. Takalman Roscoe suka ƙi kama kwalta, dole ya cire su ya zuba a kwando, ya riƙa turi da safa. Iyalan da ke komawa gida suka riƙa wuce shi a keken doki ɗaya bayan ɗaya, kowane mai gida ya ɗaga masa yatsa ɗaya a natse, yadda ake gai da wanda aka yi sujada tare.

Ƙarfe biyar saura ya iso gidan abincin, ƙafar dama ta daina jin magana. Duk ƙungiyar na zaune a baranda da ayis-kirim. Lorraine na tsaye a bakin matakala da kyamara kamar yadda aka umarce ta, kuma ta yi aikinta.

Ya cire usur ya miƙa. Verna ta riƙe shi da yatsa biyu, ta shinshina, ta sa a cikin kofin ruwan zafi.

"Sannu da hanya, Roscoe."

Ya buɗe baki zai gyara mata, ya rufe.

Sai da ƙafar ta yi kwana tara kafin ta yarda ta taka totur. Ya sa keken turi a bayan mota ya tafi karɓo nasa. Lorraine ta ce ya tambayi Verna hanya, ya ce wurin da ya yi sujada ba ya ɓace masa. Ya wuce gada mai rufi sau biyu, ya hau tudu, ya hango dogon amalanke mai ruwan toka a gefen wata farar barga, ya shiga harabar yana danna ham. Wani mutum da bai taɓa gani ba ya fito da bokitin madara a hannu. Amalanken ya riga ya koma gidan da ke bi.

Keken Roscoe na can a bargar Gideon, tayarsa a miƙe. Verna ta ce duk ranar da ya buɗe baki ya tambaye ta za ta kai shi har ƙofa. Asabar uku ke nan yana zuwa hawan ƙungiya a kan keken turi, can a ƙarshen layi, yana gaya wa sababbin shiga cewa sirrin ƙarfin ƙafa ne da aminansa suka koya masa, ba kowa suke nuna wa ba.